Katin Lafiya Domin Tsofaffinmu: Wa Ya Cancanta, Yaya Ake Shiga, Kuma Me Ya Rage Mana?



A daminar da ta wuce na je duba wani baba a ɗaya daga cikin ƙauyukanmu. Fitsari ne ya toshe masa da tsakar dare. Kafin gari ya waye 'ya'yansa sun sayar da akuya biyu, suka kuma ci bashin buhun dawa a kan za su biya da kaka. An kai shi asibiti, an yi aiki, ya samu sauƙi. Da nake zaune da shi sai ya ce mini, "Ɗana, ai na ji a rediyo an ce gwamnati tana yi wa tsofaffi magani kyauta. To, ni ba tsoho ba ne?" Na ce masa, "Baba, kai tsoho ne, amma sunanka ba ya cikin littafinsu."

Wannan shi ne dalilin rubutun nan. Furfura kaɗai ba ta sa mutum cikin inshorar lafiya. Sai an rubuta sunansa, an haɗa shi da wani asibiti, tun yana kan ƙafafunsa. Kuma ko bayan an samu katin, akwai abin da katin ba zai biya ba, wanda dole iyali da jama'a su shirya masa. Bari mu bi maganar daki-daki.

Mene ne inshorar lafiya?

Kusan dukanmu mun san adashi. Inshorar lafiya 'yar'uwar adashi ce, sai dai ba a kwasa bi da bi. Mutane da yawa suna zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu guda, wanda ciwo ya kama shi ake yi wa magani daga ciki. Wanda bai yi ciwo ba a shekarar bai yi asara ba, kuɗinsa ya ɗauki ɗan'uwansa, wata shekara kuma shi za a ɗauka. Ga marasa ƙarfi, gwamnati ce take zuba musu nasu kason.

A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, a ranar da ciwo ya zo. Mu a karkara mun san ma'anar wannan: a sayar da dabba, a jinginar da gona, ko a bar tsoho a ɗaki ana ba shi jiƙo har ciwon ya ci ƙarfinsa.

Dokokin da ya kamata mu sani

Shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005, amma shekara da shekaru ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa. Manomi da mai ƙaramar sana'a suna waje. Abubuwa uku ne suka buɗe ƙofa ga irinmu.

Na farko, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Ita ta kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda ma'aikatan asibiti ke kira BHCPF. Dokar ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wannan asusu. A kasafin kuɗin 2018 ne aka fara sa masa kuɗi, kimanin naira biliyan 55. Kusan rabin kuɗin asusun ana amfani da shi wajen biya wa marasa ƙarfi inshora, wani kaso mai yawa kuma yana tafiya wajen magunguna, gyaran ƙananan asibitoci da ma'aikata.

Na biyu, dokar Jihar Kano ta 2016, wadda ta kafa Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano, wato KSCHMA. Ita ce hukumar da ke rajistar mutane a jiharmu, ita ce kuma kuɗin inshorar marasa ƙarfi ke bi ta hannunta kafin ya isa asibitin mazaɓa.

Na uku, dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu 2022, wadda ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, a madadin tsohon shirin. Wannan doka ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma lissafa waɗanda ya kamata a biya musu: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu ciki, tsofaffi, masu naƙasa, da matalautan da ba su da halin biya.

Ba mu kaɗai muke wannan tafiya ba. Gana ta kafa nata shirin a 2003, ta kuma yafe wa masu shekara 70 zuwa sama kuɗin zubi. Senegal ta fara shirin magani kyauta ga masu shekara 60 zuwa sama a 2006. A Amurka tun 1965 suke da inshorar gwamnati ta masu shekara 65, duk da haka tsofaffinsu da yawa suna sayen ƙarin inshora domin ta cike abin da ta gwamnati ta bari. Darasin shi ne, ko a ƙasar masu kuɗi kati ɗaya ba ya ɗauke komai.

Ƙofofi uku da tsoho zai iya shiga

Ƙofa ta farko ita ce ta marasa ƙarfi. Wannan kyauta ce, ba a biyan kuɗin rajista, ba a biyan zubi. Ita ta fi dacewa da yawancin iyayenmu: gwauruwar da 'ya'yanta ba su da ƙarfi, tsohon da ya daina noma, makaho, gurgu, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Amma a lura, guraben ba su da yawa. Kuɗin da ke zuwa ba ya isa a ɗauki kowa, saboda haka ana ba kowace mazaɓa adadinta, kuma rajistar tana zuwa ne lokaci-lokaci. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, tsarin kuma shi ne a samu aƙalla asibiti ɗaya a kowace mazaɓa da ke karɓar masu wannan kati. Wanda ke mazaɓar Garo, ko Gude, ko Godiya, da wanda ke Getso, ko Lakwaya, ko Kutama, kowa ya san asibitin da aka ware wa mazaɓarsa.

Wajen zaɓen mutane ana duba rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa, ana kuma jin ta bakin masu unguwanni, dagatai da kwamitin ci gaban mazaɓa. A nan ne ƙananan ƙauyuka da gidajen da ke can cikin gona suke rasa rabonsu, domin sau da yawa labari ba ya isa gare su sai an gama. Idan babu wani daga unguwarku da ke zuwa taron kwamitin mazaɓa, ku naɗa mutum ɗaya ya riƙa zuwa.

Game da shekaru: dokar da ta kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2018, tana ɗaukar mai shekara 70 zuwa sama a matsayin dattijo. Masu rajista kuwa suna bin ƙa'idar da hukuma ta ba su a wannan zagaye. Idan aka ce shekarun Baba ko Inna ba su kai ba, kada ku juya ku tafi. Ku tambaya ko za a iya rubuta su a layin masu naƙasa ko na marasa hali, domin doka ta ambaci waɗannan dabam da tsufa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta ɗa ko 'ya mai aikin gwamnati. A nan mutane da yawa suna kuskure. A tsarin ma'aikata na ƙasa, katin yana ɗaukar ma'aikaci, matarsa ko mijinta, da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki kai tsaye. Sai ma'aikacin ya nemi a ƙara su, ya kuma biya ƙarin kuɗi. Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, ku je ofishin hukumar ku tambayi yadda ake ƙara mahaifi ko mahaifiya. Haka kuma wanda ya yi ritaya kada ya dogara ga tsohon katinsa. Katin ma'aikaci yana tafiya ne da albashi. Ya je ya tabbatar ko sunansa yana nan, idan ba ya nan ya nemi sabuwar rajista.

Ƙofa ta uku ita ce ta biya da kai. KSCHMA tana da tsarin masu sana'ar kansu, inda mutum ke biyan kuɗin shekara. NHIA ma tana da shirin da ake kira GIFSHIP, wanda aka fara a 2020, domin mutum ɗaya, ko iyali, ko ƙungiya ta mutum 10 zuwa sama. A farkonsa kuɗin ɗan ƙungiya naira 15,000 ne a shekara, amma an ƙara shi daga baya saboda tsadar magani, don haka a nemi farashin yanzu a ofis kafin a tara kuɗi. Wannan ƙofa ba ta jiran gurbi. 'Ya'yan da ke aiki a Kano, Kaduna, Abuja ko Legas suna iya haɗa hannu su biya wa iyayensu sau ɗaya a shekara, maimakon a riƙa kiransu da dare ana kuka.

Abin da za a shirya kafin ranar rajista

1. Lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Yanzu kusan kowace rajistar gwamnati da ita ake yi. Tsohon da ba shi da ita, a kai shi ya yi tun da rani, lokacin da hanya take da kyau kuma aikin gona ya yi sauƙi.

2. Suna iri ɗaya a kowace takarda. Da yawa daga cikinmu muna da sunan gida, da sunan baftisma, da laƙabin da gari ya san mu da shi. Idan katin zaɓe ya ɗauki wani suna, NIN ta ɗauki wani, kwamfuta za ta ce mutum biyu ne. A riƙe sunan da ke kan NIN, da shi za a yi rajista, da shi kuma za a riƙa zuwa asibiti.

3. Shekaru na gaskiya. Yawancin iyayenmu ba su da takardar haihuwa. Ana iya lissafi da abin da suka tuna. Wanda ya isa kiwon awaki, wato kamar ɗan shekara 10, lokacin da aka naɗa Sarki Ado Bayero a 1963, an haife shi wajen 1953, ya cika 70 ke nan a 2023. Wadda ta riga ta yi aure kafin a canja kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, ita ma ana iya kimanta nata. Tsohon katin baftisma ko littafin ikkilisiya yana taimakawa. Kada a ƙara shekaru, kada a rage, domin gyara a kwamfuta yana da wuya kuma yana cin kuɗi.

4. Lambar waya mai aiki, ko ta ɗa ko jika da ke zaune kusa.

5. Shi tsohon da kansa. Ana ɗaukar hoto, saboda haka ba a aike. Idan ba ya iya tafiya, a gaya wa mai unguwa da jami'in rajista tun da wuri domin a san yadda za a yi.

Abin lura: rajistar marasa ƙarfi ba a sayar da ita. Duk wanda ya zo ƙauye yana karɓar kuɗi wai zai sa suna a jeri, ku tambaye shi takardar shaidar aiki, ku kuma sanar da dagaci. A tsarin da ake biya kuwa, kada a ba kowa kuɗi a hannu ba tare da rasit na hukuma ba.

Yadda katin yake aiki

Idan an yi rajista, ana haɗa mutum da asibiti ɗaya. Hukuma tana biyan wannan asibiti wani abu a kan kowane suna da ke jerinsa, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Shi ya sa ba za ka ɗauki katin Garo ka shiga duk asibitin da ka ga dama ba. Kuɗinka yana inda sunanka yake. Haka kuma katin ba ya fara aiki a ranar da aka rubuta suna. Akwai lokacin jira kafin sunan ya fito a jerin asibiti. Wanda ya bari sai ciwo ya kwantar da tsoho kafin ya nemi rajista ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A asibitin mazaɓa, katin yana ɗaukar ganin ma'aikacin lafiya, gwaji da maganin zazzaɓin cizon sauro, awon hawan jini da ciwon suga, da magungunan da ke cikin jerin da aka amince da shi. Ga tsoho, awon hawan jini shi ne babbar riba. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana noma yana cin tuwonsa, rana ɗaya ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Tsohon da ke da kati ya riƙa zuwa awo ko da yana jin garau, idan kuma an ɗora shi a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.

Idan ciwon ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, su ne za su rubuta takardar turawa zuwa babba, kamar Babban Asibitin Gwarzo, daga can kuma idan ta kama a wuce Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wannan takarda da lambar izinin da ke tafiya da ita su ne suke sa hukuma ta biya babban asibiti. Wanda ya tsallake ya tafi da kansa, yawanci daga aljihunsa zai biya. Idan abin gaggawa ne, a fara ceton rai, amma a nuna katin tun a bakin ƙofa, wani kuma ya kira jami'in shirin a ranar.

Abin da katin ba ya biya

Gara mu faɗa wa juna gaskiya tun yanzu. Katin ba ya biyan kuɗin mota ko babur. Daga Gwarzo zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 70 ce, ga mai jinya, ga dawowa. Ba ya biyan abincin majinyaci da na mai zama da shi. Wani lokaci maganin da aka rubuta ya ƙare a asibiti, sai an saya a kemis. A tsarin ma'aikata na ƙasa da na GIFSHIP, mai kati yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Manyan cututtuka irin su kansa da wankin ƙoda ba a ɗaukar nauyinsu gaba ɗaya. Kuma a tsarin da ake biya, idan shekara ta cika ba a sabunta ba, katin ya mutu.

A birni, masu hali suna cike wannan giɓi da ƙarin inshora daga kamfanoni masu zaman kansu, dokar 2022 ma ta yarda da haka. Amma kuɗinsu yana da yawa, ya fi tsada ga tsofaffi, asibitocin da suke hulɗa da su kuma yawanci a cikin birni suke. Ga mutumin Garo, ƙarin inshorar da ta fi kusa ita ce wadda za mu yi da hannunmu.

Asusun cike giɓi

Ga misali. Idan gida 40 suka yarda kowane gida ya riƙa zuba naira 500 a wata, an samu naira 20,000 a wata, naira 240,000 a shekara. Wanda kuɗi ke masa wuya ya ba da hatsi da kaka, a ajiye a rumbun jama'a, a sayar lokacin da farashi ya tashi. Wannan asusu ba zai yi wa kowa tiyata ba, kuma ba aikinsa ba ne. Aikinsa shi ne kuɗin mota zuwa asibitin da aka tura mutum, sayen maganin da ya yanke, da sabunta katin tsohon da ba shi da kowa.

Domin asusun ya daɗe, a kiyaye waɗannan. A rubuta ƙa'ida tun farko: wa ake taimaka wa, a kan me, kuma nawa ne iyaka. Mai riƙe kuɗi dabam, mai riƙe littafi dabam, kada su fito daga gida ɗaya. A karanta lissafi a gaban jama'a duk wata uku. Kada a ba da rancen biki ko na taki daga ciki, komai kusancin mai nema. Zumuntar mata ta daɗe tana riƙe irin wannan amana, kuma su suka fi sanin gidan da tsohuwa ke kwance ba mai kula. A sa su a gaba. Ciwo ba ya tambayar addinin mutum, saboda haka maƙwabcin da ya so shiga a buɗe masa ƙofa. Ƙungiyar da ta kai mutum 10 tana ma iya zuwa ta yi rajistar GIFSHIP a tare.

Aikin da ke gabanmu a wannan wata

Kowace ikkilisiya ta zaɓi matasa biyu masu iya rubutu, namiji da mace. Su bi gida-gida su rubuta sunan kowane tsoho da kowane mai naƙasa, shekarunsa, ko yana da NIN, ko yana da kati, da lambar wayar wanda ke kula da shi. Dattawa su kai kwafin wannan jeri wurin mai unguwa da shugaban asibitin mazaɓa, su tambayi yaushe ne rajista ta gaba. Idan an sa rana, a yi sanarwa bayan sujada, a kuma nemi babur ko amalanke domin waɗanda ba sa iya tafiya. Wanda ya samu kati, a ajiye masa shi cikin leda tare da takardar NIN, a wurin da kowa a gidan ya sani.

Idan an hana mai kati magani, ko an nemi ya biya abin da bai kamata ba, kada a yi faɗa da ma'aikata. A rubuta rana da abin da ya faru, a kai wa shugaban asibitin da kwamitin mazaɓa. Idan ba a gyara ba, a kai ƙorafi ofishin KSCHMA. Hukuma ba za ta gyara abin da ba ta ji ba.

Baban nan da na ba ku labari, jikansa ya kai shi ya yi NIN bayan an gama girbi, sunansa kuma yana cikin jerin da muka kai wa mai unguwa. Har yanzu ana biyan bashin dawar. Da na koma gaishe shi, abin da ya ce mini shi ne, "Ku rubuta har da tsohuwar gidan can, ita ba ta da mai sayar mata da akuya." Mun rubuta ta. Ku ma ku duba unguwarku, akwai irinta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.